Daga Sarkin Bebaye zuwa Ƙungiyar Kurame: Tarihin Shugabancin da Ake Yi da Hannu

A watan Maris na 2025, Gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da sanarwar rasuwar mutum 26 sakamakon ɓarkewar wata cuta da aka yi zaton sanƙarau ce. Mutum 15 daga cikinsu a Ƙaramar Hukumar Gwandu suke, sauran kuma a Jega da Aliero da Argungu. Jaridu suka ɗauki adadin, aka yi ta'aziyya, aka kai magunguna da alluran riga-kafi, sannan damina ta faɗi, cutar ta lafa kamar yadda ta saba.

Adadin mamata shi ke shiga labarai. Waɗanda suka tashi daga jinya kuwa, da zarar an sallame su sai lissafi ya rabu da su. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin kowane mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau mai tsanani, ɗaya kan iya fita da lahani mai ɗorewa, kuma toshewar ji tana cikin lahanin da aka fi gani. Yaro ɗan shekara uku yakan koma gida da ransa, iyaye su yi hamdala, sai bayan makonni a lura ana kiran sunansa ba ya waiwayowa. 'Yan kalmomin da ya fara koya su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga wannan rana, babbar buƙatar yaron ita ce harshe. Likita ya gama nasa aikin, malamin allo da na boko ba su san ta inda za su kama ba, uwa kuma iyakarta 'yan alamomin cikin gida: zo, ci, kwanta, bari. Tarihin kurame a ƙasar Hausa, da ma duniya baki ɗaya, ya nuna cewa mai iya ba irin wannan yaro cikakken harshe shi ne wani kurma da ya riga shi. Saboda haka batun shugabancin kurame a hannun kurame ya wuce batun karramawa, domin ta nan harshe ke bi ya isa ga yaro. Arewa ta gaji irin wannan shugabanci ta hanyoyi biyu, ɗaya daga fada, ɗaya daga makaranta, kuma har yau ba su gama haɗuwa ba.

Ƙasar sanƙarau

Gwandu da Kalgo suna cikin wani faffaɗan ziri da ya ratsa Afirka daga Senegal zuwa Habasha, ya taɓa ƙasashe 26, wanda masana lafiya ke kira zirin sanƙarau. Wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ne ya zana iyakokinsa a 1963. A wannan ziri cutar tana da lokacinta: takan taso da ƙurar hunturu, ta yi ƙamari a zafin bazara, lokacin da busasshiyar iska ke raunana hanci da maƙogwaro, ta kwanta idan ruwa ya sauka. A annobar 1996, mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, galibinsu a Arewa. Allurar MenAfriVac, wadda ta iso Nijeriya a 2011, ta karya lagon nau'in cutar da ake kira A, sai nau'in C ya ɓullo a Sakkwato da Kebbi daga 2013, ya yi mummunar ɓarna a 2017. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar.

Yadda cutar ke kashe ji sananne ne. Ƙwayar cutar takan bi ta shiga can cikin kunne, inda wata gaɓa mai naɗi kamar katantanwa take, ta lalata siraran ƙwayoyin da ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Waɗannan ƙwayoyi idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ban da sanƙarau akwai ƙyanda, da hangum, da ciwon kunne mai ruwa da aka bari ya daɗe, da wasu magunguna masu ƙarfi, da kuma gado.

Abin da wannan ke haifarwa ga al'umma shi ne muhimmi. Mafi yawan kurame 'ya'yan masu ji ne. A ƙasashen da aka yi ƙididdiga, fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu suna ji. Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci yaro kan sha su a nono. Harshen kurame kuwa ba kasafai yake saukowa daga uwa zuwa ɗa ba, a kaikaice yake tafiya, daga babban kurma zuwa ƙarami, a kasuwa ko dandali ko ɗakin kwanan ɗalibai. Inda kurame ba sa haɗuwa, harshen ba ya da hanyar bi.

Abin da alƙalan Gwandu suka karanta

Tun kafin zuwan Turawa, malaman wannan yanki sun san matsayin ishara a shari'a. Gwandu ta zama mazaunin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa a 1805. Da aka raba ɗawainiyar daula a 1812, ɓangaren yamma ya faɗa hannun ƙanensa, Malam Abdullahi, wanda daga baya ya zauna a Gwandu har rasuwarsa a 1829, kuma a nan hubbarensa yake. Littafin da alƙalan daular suka fi dogara da shi wajen hukunci shi ne Muhtasar na Shehu Halilu, jigon fiƙihun Malikiyya.

Wannan fiƙihu bai ɗauki wanda ba ya magana a matsayin marar hankali ba. Ƙa'idar da malamai suka kafa ita ce, isharar bebe, muddin ana fahimtarta, tana tsayawa a madadin furuci. Da ita yana iya ɗaura aure, ya yi saki, ya saya, ya sayar. Malikiyya sun karɓi shaidar kurma a kan abin da ya gani da idonsa, kamar yadda suka karɓi ta makaho a kan abin da ya ji da kunnensa, sun kuma karɓi shaidar da aka bayar da ishara, inda wasu mazhabobin suka tsananta. Imam Buhari ma ya keɓe babi guda a kan ishara a cikin saki da sauran al'amura.

Sai dai duk wannan haƙƙi ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya: a fahimci isharar. Alƙalin da bai san alamomin mai ƙara ba dole ya nemi wanda ya sani. Nan ne shari'a ta bar gurbin da littafi ba zai cike ba, sai jama'a. Dole a sami mutanen da suka yi tarayya a kan alamomi iri ɗaya, da wanda zai tsaya tsakaninsu da hukuma.

Sarkin Bebaye da maganar hannu

Tsarin sarautar Hausa yana da amsar irin wannan buƙata. Kowace sana'a da shugabanta: Sarkin Pawa, Sarkin Maƙera, Sarkin Aska. Aikinsa ya wakilci mutanensa a fada, ya sasanta su idan sun saɓa, ya isar musu da umarni. Aka shimfiɗa wannan tsari har ga masu lalura, aka sami Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu a garuruwa da dama. Sharaɗin sarautar a bayyane yake: ba a naɗa mai ido Sarkin Makafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A Kano an rubuta shaidar irin wannan sarauta ga kurame. Wata masaniyar harsuna Bajamushiya, Constanze Schmaling, wadda ake kira Halima, ta zauna cikin kuramen Jihar Kano a shekarun 1990, ta fitar da littafinta mai suna *Maganar Hannu* a birnin Hamburg a 2000. Ta tarar da al'umma mai tsari, mai wuraren haɗuwa da hira, mai shugaba da ake kira Sarkin Bebaye, wanda ke matsayin wakilinsu bisa salon sauran sarautu. Kalmar bebe tana nufin wanda ba ya ji kuma ba ya magana, kurma kuwa wanda ba ya ji, kuma ita ce aka fi ji a bakin ƙungiyoyi a yau.

Babban abin da binciken ya tabbatar shi ne, maganar hannu harshe ce mai zaman kanta. Tana da ƙa'idojinta: siffar da hannu ya ɗauka, wurin da aka ajiye shi, inda tafi ya fuskanta, irin motsin da ya yi, da abin da fuska ke yi a lokacin. Sauya ɗaya daga cikinsu na iya sauya ma'ana, kamar yadda karin sauti ke bambanta kalmomi a Hausar baka. Ba Hausa ce ake fassarawa kalma bayan kalma ba, ko da yake ta ɗebi da yawa daga alamomin da Hausawa masu ji ke yi da jikinsu. Bahaushe dama yana yafito mutum da hannu, yaro yana maƙe kafaɗa idan ya ƙi, tsohuwa tana riƙe haɓa idan ta yi mamaki. Wannan tarayya ta sa masu ji da yawa, a kasuwa da unguwa, suna iya ciniki da hira da kurma ba tare da tsangwama ba. Shi ya sa kurman ƙasar Hausa ya kasance manomi, tela, kafinta, magini, mai aure da iyali a cikin jama'a.

Babu makarantar da ta koyar da wannan harshe, babu hukumar da ta tsara shi. Kurame suka gina abinsu, suka riƙa miƙa wa na baya. Wannan shi ne gado na farko. Ƙarfinsa shi ne yana da saiwa a ƙasa. Rauninsa shi ne bai kai ga karatu da rubutu ba, kuma wakilcinsa ya tsaya a ƙofar fada.

Abin da ya faru a Milan

Gado na biyu daga ƙetare ya zo, kuma ba a fahimtarsa sai an san gwagwarmayar da ta haife shi. A watan Satumba na 1880, malaman makarantun kurame na Turai da Amurka suka yi taro a birnin Milan na Italiya. Kusan dukansu masu ji ne. Suka zartar cewa koyar da kurma magana da baki da karanta leɓe ya fi koyar da shi da hannu. Bayan wannan ƙuduri aka kori harshen hannu daga azuzuwa a ƙasashe da yawa, aka sallami malamai kurame, aka shafe kusan ƙarni guda yara suna ɓata shekarunsu wajen kwaikwayon sautin da ba su taɓa ji ba. Sai a 2010, a birnin Vancouver na Kanada, magadan wannan taro suka yi watsi da ƙudurin a hukumance, suka nuna nadama.

Waɗanda suka riƙe harshen a tsawon wannan lokaci su ne ƙungiyoyin da kurame suka kafa da kansu. Ta Amurka ta kafu a 1880, ta Birtaniya a 1890, sannan a ranar 23 ga Satumba, 1951, aka kafa Tarayyar Kurame ta Duniya a birnin Rum. A 1960 wani malami a Kwalejin Gallaudet ta birnin Washington, William Stokoe, ya nuna da hujjojin ilimin harsuna cewa harshen hannu na Amurka cikakken harshe ne. Ita kanta Gallaudet, wadda aka kafa domin kurame a 1864, ta yi shekara 124 ba ta taɓa samun shugaba kurma ba, har sai da ɗalibai suka rufe ƙofofinta a watan Maris na 1988. Cikin mako guda shugabar da aka naɗa, mai ji, ta ajiye aiki, aka naɗa I. King Jordan.

Darasin Milan shi ne, mutane masu kyakkyawar niyya, idan suka yanke hukunci a kan kurame ba tare da kurame ba, suna iya yin ɓarnar da za ta ci zuriya uku.

Baƙon da sanƙarau ya kurumtar

Wanda ya kawo wannan gado Afirka ta Yamma shi ne Andrew Foster, baƙar fatar Amurka da aka haifa a Jihar Alabama a 1925. Yana ɗan shekara 11 sanƙarau ya kama shi, ya tashi ba ya ji, wato irin ƙaddarar da ke samun yaran Gwandu. A 1954 ya zama ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka sami digiri a Gallaudet. Da ya nemi ƙungiyoyin mishan su tura shi Afirka bai sami karɓuwa ba, sai ya kafa tasa a 1956. A 1957 ya buɗe makarantar kurame a Ankara ta ƙasar Gana, a wani aji na aro. A 1960 ya buɗe ta Ibadan, daga baya aka buɗe wasu a Kaduna da Inugu. Kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda cikin Disamba 1987, ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13.

Ba shi ne ya fara karantar da kurame a Nijeriya ba, domin makarantar Wesley ta Legas ta riga tasa. Abin da ya bambanta shi shi ne, kurma ne, da hannu yake koyarwa, kuma burinsa ya yaye shugabanni. Ya horar da malamai kurame, ya buɗe wa wasu hanyar zuwa Gallaudet. Daga cikin waɗanda suka fito ta wannan hanya akwai Gabriel Adepoju, wanda ya assasa makarantar kurame ta Jihar Kwara a Ilori, da Ezekiel Sambo, wanda ya assasa ta Filato, dukansu a shekarun 1970. Yaro kurma da ya ga kurma irinsa tsaye gaban allo, ko zaune a kujerar shugaban makaranta, ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan abin da zai iya zama. Gani ya kori ji.

A yankunan Musulmi na Arewa, makarantar mishan ba ta da farin jini ga iyaye, don haka karatun kurame bai yi nisa ba sai da gwamnatoci suka shigo. Shirin ilimin firamare na kowa da kowa ya fara a 1976. A 1977 Tsarin Ilimi na Ƙasa ya keɓe sashe ga masu buƙata ta musamman, aka kafa kwalejin horar da malamansu a Oyo, aka kuma buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano. Sakkwato, wadda Gwandu da Kalgo ke ƙarƙashinta har zuwa ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta, 1991, ita ma ta sami tata, wadda a yau ke ɗauke da sunan A. A. Raji. Daga ɗakunan kwanan irin waɗannan makarantu ne shugabannin ƙungiyoyin zamani suka fito, masu tsarin mulki a rubuce, da zaɓe, da sakatare, da rassa a jihohi a ƙarƙashin Ƙungiyar Kurame ta Ƙasa.

Hannu biyu, harshe biyu

Sai dai Foster bai zo hannu wofi ba. Harshen hannu na Amurka ya zo da shi, kuma shi ya zama harshen makaranta a Nijeriya, ana jera alamominsa bisa tsarin jimlar Ingilishi. A ƙasashen renon Faransa ma da almajiransa suka isa, alamomin Amurka aka ɗora a kan Faransanci. Da shekaru suka tura, kuramen Nijeriya sun sarrafa wannan harshe, sun ƙara masa nasu, har ya ɗauki kamannin gida. Amma tushensa dabam ne da na maganar hannu.

Sakamakon haka al'ummar kurame a Arewa ta rabu gida biyu. Ga wanda ya yi makaranta, mai alamomin boko da harrufan yatsu, yana iya hira da kurman Legas ko na Ankara. Ga wanda bai yi ba, mai maganar hannu, wanda mahautan kasuwarsu da maƙwabtansa ke fahimta. Schmaling ta lura da wannan rabuwa tun da wuri. A 2001 ta yi rubutu tana tambaya ko maganar hannu za ta rayu, a 2003 kuma ta sa wa wata maƙala suna daga darasin farko na boko, inda ake koya wa yaron Kano harafin A da hoton tuffa, 'ya'yan itacen da ba a nomawa a ƙasarsu. Abin da ta gani shi ne 'yan makaranta sun fara ɗaukar alamomin waje a matsayin na wayewa, na gida kuma na ƙauye. Duk Bahaushen da ya yi zamanin da ake cin tarar ɗalibi don ya yi Hausa a aji ya san wannan ciwo.

An yi yunƙurin gyara. Daga 2011 aka fara buga jerin 'yan littattafai na koyon maganar hannu a Kano, da bayani cikin Hausa, tare da haɗin guiwar kuramen garin, na farkonsu a kan kalmomin iyali. Muhimmancinsu shi ne sun sa harshen a takarda, inda uwa ko malami ko ma'aikacin jinya zai iya ɗauka ya koya.

Wannan rabuwa tana da tasiri kai tsaye a kan shugabanci. Ƙungiyar da shugabanninta duk 'yan makaranta ne, mazauna babban birnin jiha, tana iya yin magana da gwamna ta hanyar tafinta, amma ta kasa yin magana da kurman ƙauyen da take wakilta. Tafintan da ke tsaye a kusurwar talabijin yana amfani da harshen makaranta ne. Manomin da bai taɓa shiga aji ba yana kallon hannun, saƙon bai isa gare shi ba.

Doka ta zo

A matakin duniya da na ƙasa, ƙungiyoyin masu lalura sun ci nasarori da ba a taɓa gani ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2010, ta lissafa harsunan hannu cikin harsuna, ta nemi a ɗauki malamai masu lalura da suka ƙware a kansu, ta kuma amince cewa kurame suna da al'ada da harshe nasu. Tun 2018 ake bikin Ranar Harsunan Hannu ta Duniya a 23 ga Satumba. Yuganda ta ambaci harshen hannu a tsarin mulkinta na 1995, kurma Alex Ndeezi ya shiga majalisarta a 1996. Kenya ta bi sahu a 2010, Afirka ta Kudu kuma ta mayar da nata harshen hukuma na 12 a 2023.

A Nijeriya, bayan shekaru ana kai ruwa rana, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman a watan Janairu na 2019. Dokar ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ce a sa harshen hannu a manhajar makarantu, ta wajabta wa asibitocin gwamnati tanadar hanyar sadarwa ga majinyacin da ke da lalurar ji ko magana, ta keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma hana amfani da su wajen bara. Wanda ya nuna bambanci, tararsa naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, kamfani kuwa naira miliyan ɗaya. Da aka kafa hukumar aiwatar da dokar a 2020, babban sakatarenta na farko, James David Lalu daga Jihar Filato, kurma ne.

Sai dai dokar ta bar tsohon gurbin nan da alƙalan Gwandu suka sani. Ta ce harshen hannu, ba ta ce wanne ba. Ta ce a yi tanadin sadarwa, sharaɗin dai shi ne na dā: a fahimci isharar.

Komawa Gwandu da Kalgo

A farkon mulkin Turawa aka mayar da fadar Sarkin Gwandu zuwa Birnin Kebbi, kuma tun daga lokacin hukuma da ofisoshi da manyan makarantu suka tattara a can. Kalgo, da ke gab da Birnin Kebbi, ta sami rabonta: a nan akwai mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a nan kuma jihar ta gina babbar cibiyar lafiya. Gwandu ta riƙe tarihi da hubbare da ƙauyukan manoma. Tsakanin waɗannan garuruwa biyu akwai duk wuraren da ake gwada alkawarin doka: gadon asibiti, aji, kotu, masallaci, kasuwa.

Tarihin da ya gabata ya nuna abin da ke aiki a irin waɗannan wurare. Na farko, a gwada jin duk yaron da ya tashi daga sanƙarau kafin a sallame shi ko cikin 'yan makonni, kamar yadda ƙa'idojin likitanci suka tanada, domin shekarun farko su ne shekarun kama harshe, kuma wanda ya wuce su ba tare da harshe ba yakan ɗauki giɓin har girma. Na biyu, a haɗa iyayen da babban kurma na garinsu, mai sana'a da iyali, tun ranar da aka gane lalurar. Na uku, a ɗauki kurame aikin koyarwa, kamar yadda Foster ya yi, kamar yadda yarjejeniyar 2006 ta nema. Na huɗu, a yi amfani da kuramen da suka iya harsunan biyu. A ƙasashe da dama, idan mai shari'a ko majinyaci bai san harshen makaranta ba, akan haɗa tafinta mai ji da tafinta kurma, saƙo ya bi ta hannu biyu ya isa daidai. Kurman da ya tashi da maganar hannu a ƙauye, ya kuma yi makaranta a birni, shi ne ya dace da wannan aiki, kuma shi ne gadar da ke tsakanin gado biyun.

Akwai kuma batun sadaka. Al'ummar da ta saba fitar da zakka da ciyarwa ba ta rasa masu bayarwa ba. Bambancin yana ga wanda ke zaɓar abin da za a yi da kuɗin. Mai ji yakan yi tunanin buhun shinkafa da na'urar ƙara ji, wadda ba ta amfanar wanda sanƙarau ya kashe wa kunne gaba ɗaya, kuma batirinta kan ƙare cikin kwanaki. Kurma yakan nemi tafinta a ɗakin haihuwa, da wanda zai fassara huɗubar Juma'a, da wurin zama inda yara za su haɗu da manya. Wayar salula mai hoton bidiyo ta riga ta sauƙaƙa wani ɓangare na wannan, domin yanzu kurma a Kalgo yana iya hira da hannu da ɗan'uwansa a Kano ko Yamai.

Masarautar Gwandu tana da tsohon tsarin hakimai da dagatai da masu unguwanni wanda ya san kowane gida. Ƙungiyoyin zamani suna da doka da rajista da hanyar shiga ofis. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaran da suka tsira daga annobar 2025 suna cikin shekarun kama harshe a yanzu, kuma hunturu mai zuwa zai kawo tasa ƙurar.